Zuciyar da ke Ƙagewa a Tsufa: Su Wa Cutar Amiloyid Ta Fi Kamawa?

Idan dattijo ya je asibiti da kumburin ƙafa da haki, aka ɗauki hoton zuciyarsa aka ga bangonta ya yi kauri, hukuncin da ake yankewa kusan kullum ɗaya ne, wato hawan jini ne ya yi masa wannan aika-aika. Galibi kuwa hukuncin daidai ne, domin wani babban bincike da aka wallafa a 2012, wanda ya bi marasa lafiya sama da 1,000 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashe 9 na Afirka kudu da Sahara, har da Najeriya, ya nuna cewa hawan jini ne sanadi a wajen kashi 45 cikin 100 nasu. Sai dai a cikin waɗannan dattawa masu kaurin bangon zuciya akwai wani kaso da ba hawan jini ne ya kaurara zuciyarsu ba, ko kuma ba shi kaɗai ba ne. Wani abu ne dabam ya daɗe yana taruwa a cikin naman zuciyar a hankali, kuma maganin hawan jinin da ake ɗura musu yakan ƙara musu wahala maimakon ya rage. Sunan wannan abu amiloyid, kuma ina ganin ya kamata duk mai tsoho a gida ya san waɗanda ya fi kamawa, musamman mu mutanen Afirka ta Yamma, saboda wani dalili na gado da zan yi bayaninsa a gaba.

Jikin ɗan Adam yana ƙera furotin iri-iri, kuma kowanne yana da siffar da yake naɗewa a kai kafin ya iya aikinsa. Wani lokaci furotin yakan kuskure wannan naɗi, ya warware, sannan ya manne da 'yan'uwansa su zama zare-zare masu tauri waɗanda jiki ba ya iya narkar da su. Waɗannan zare-zaren su ne amiloyid. Idan suka sami wurin zama a tsakanin ƙwayoyin naman zuciya, bangon yakan yi kauri, amma kaurin ba na ƙarfi ba ne, na cunkoso ne. Zuciya mai lafiya tana saki ta cika da jini, sannan ta matse ta tura shi, ita kuwa wadda amiloyid ya cika takan zama kamar salkar da ta bushe, fatarta ta ƙage, ko an kai ta bakin rijiya ba za ta buɗe ta ɗauki ruwan kirki ba. Jinin da ya kasa shiga sai ya koma baya ya taru, ruwa ya sauka a ƙafafu da ciki da huhu. Abin da ke ruɗar da masu duba hoton shi ne, a farkon cutar ƙarfin matsawar zuciyar yakan fito daidai a takarda, har a ce wa mara lafiya zuciyarsa tana bugawa lafiya lau, alhali shi ya san ba ya iya kaiwa masallacin unguwa sai ya tsaya ya huta a hanya.

Furotin fiye da 30 ne aka san suna iya zama amiloyid, amma biyu ne ke da alhakin kusan duk abin da ke kama zuciya. Na farko shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da TTR, wanda hanta ce ke ƙera mafi yawansa, kuma aikinsa ɗaukar bitamin A da wani sinadarin da ke fitowa daga halittar nan ta wuya wadda kumburinta ke zama maƙoƙo. Gaɓoɓi huɗu ne a haɗe suke yin TTR guda, kuma matsala tana farawa ne idan haɗin ya yi sako-sako suka rabu. Na biyu wani yanki ne na garkuwar jiki da wasu ƙwayoyin ɓargo ke fitarwa, kuma cutar da yake haifarwa ana kiranta AL. Waɗannan biyu sun yi kama a hoton zuciya, amma mutanen da suke kamawa, da saurin da suke yi, da maganinsu, duk sun sha bamban.

Babban abin da ke jawo nau'in TTR shi ne shekaru. Ko da mutum bai gaji wani lahani ba, haɗin gaɓoɓin nan huɗu yana raunana yayin da ake manyanta, shi ya sa da wuya a ga wannan nau'i a ƙasa da shekara 60, kuma mafi yawan waɗanda ake gano shi a jikinsu sun haura 70. A ƙasar Finland an binciki gawarwakin tsofaffi 256 da suka rasu suna da shekara 85 ko fiye, aka wallafa sakamakon a 2008, kuma an sami amiloyid na TTR a zuciyar ɗaya daga cikin kowane huɗu. Wajibi ne a yi hattara da wannan adadi, domin samun ɗan ɓurɓushin amiloyid a zuciyar tsoho ba ya nufin shi ne ya yi ajalinsa, kuma da yawa daga cikinsu abin bai kai ya dame su ba. Adadin da ya fi jan hankalina shi ne na wani asibiti a yankin Madrid na Sifaniya a 2015, inda aka ɗauki mutum 120 masu shekara 60 zuwa sama, waɗanda aka kwantar da gazawar zuciya alhali ƙarfin matsawarta bai ragu ba, kuma kaurin bangonta ya kai milimita 12 ko ya wuce. Da aka yi musu gwaji na musamman sai aka tarar kashi 13 cikin 100 amiloyid ne ke damunsu. Waɗannan mutane ne masu rai, a kan gadon asibiti, waɗanda ba don binciken ba da an sallame su da wani sunan ciwo dabam.

Bayan shekaru sai jinsi. A cikin waɗanda ake ganowa da nau'in TTR na tsufa, fiye da 8 cikin kowane 10 maza ne. Amma bai kamata wannan ya sa a kawar da kai daga mata ba, domin zuciyar mace a halittarta ta fi ta namiji ƙanƙanta kuma bangonta ya fi siranta, saboda haka idan aka kafa ma'auni ɗaya na milimita 12 ga kowa, mace za ta daɗe da cutar kafin ta kai layin da zai sa likita ya yi zargi. Mata kuma sukan fara nuna alamu a shekarun da suka fi na maza nisa, lokacin da kowa ya riga ya shirya ɗora komai a kan tsufa. A ganina, a gidajenmu akwai ƙarin wani shinge, shi ne tsohuwa ba ta cika yin tafiyar da za ta tona hakinta ba, tana zaune ne jikoki na yi mata hidima, sai ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga sannan hankali ya kai kanta.

Abu na uku, wanda shi ne ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne gado. Akwai sauye-sauye fiye da 120 da aka sani a ƙwayar gadon da ke ba da umarnin ƙera TTR, kuma kowannensu yana da yankin duniyar da ya fi yawa. Wani ya yi katutu a arewacin Fotugal, inda likita Corino de Andrade ya fara bayyana cutar a 1952 a tsakanin iyalan masunta na yankin Póvoa de Varzim, kuma ana samun irinsa a arewacin Suwidin da wasu sassan Japan, sai dai shi ya fi cin jijiyoyin ƙafa da hannu. Wani kuma yana yankin Donegal a arewa maso yammacin Ireland. Amma wanda ya fi kowanne yawa a duniya, kuma wanda ya fi nufar zuciya kai tsaye, shi ne wanda ake kira V122I, a wasu takardun kuma a rubuta shi V142I. Tsakanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen fatar Amurka suna ɗauke da shi, wato sama da mutum miliyan ɗaya, kuma kakanninsu ne suka tsallaka da shi Tekun Atlantika a zamanin cinikin bayi. Da masu bincike suka bi sawunsa zuwa Afirka, a wani aiki da aka wallafa a 2016, sun tarar ya fi yawa a ƙasashe shida da ke jere da juna, wato Saliyo da Gini da Kwaddibuwa da Burkina Faso da Ghana da Najeriya, inda idan aka haɗa samfuran da aka gwada, kimanin mutum 5 cikin 100 ke ɗauke da shi. Wannan adadi na ƙasashen ne a dunƙule, ba na wata ƙabila guda ba, amma ya isa ya nuna cewa tushen abin yana nan wajenmu.

Yadda ake gadonsa ya bambanta da na sikila, wadda kowa ya saba da lissafinta. A sikila sai yaro ya karɓo daga uwa da uba duka biyu kafin ciwon ya bayyana, a nan kuwa kwafi ɗaya daga ɓangare ɗaya ya wadatar, kuma duk ɗan da mai ɗauke da shi ya haifa, namiji ko mace, yana da rabin yiwuwar gadonsa. Wanda ya karɓo daga ɓangarorin biyu, abin da auren zumunci ke iya ƙara yiwuwarsa, cutar takan riske shi da wuri. Sai dai ɗaukar wannan sauyi ba hukuncin kamuwa ba ne, domin mutane da yawa suna rayuwa da shi har su tsufa su rasu da wani dalili dabam ba tare da zuciyarsu ta nuna komai ba. Abin da aka tabbatar shi ne yana ƙara haɗari, kuma haɗarin yana fara bayyana ne bayan shekara 60. Wani nazari da ya haɗa bayanan dubban baƙaƙen fatar Amurka, wanda ya fito a 2024, ya nuna cewa masu ɗauke da shi sun fara fin sauran yawan kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya tun daga farkon shekarunsu na sittin, sannan bambancin mace-mace ya biyo baya a farkon na saba'in. A Landan ma, wani asibiti da ya duba marasa lafiyarsa 'yan asalin Afirka da Karebiyan masu gazawar zuciya ya ruwaito a 2016 cewa kimanin ɗaya cikin goma amiloyid ne, kuma shi ne dalili na huɗu mafi yawa a cikinsu.

Idan jikokin waɗanda aka kwasa daga nan suna fama da wannan cuta a Landan da New York, babu wani dalili na hankali da zai sa a ce waɗanda suka rage a gida sun tsira daga gare ta. Bambancin kawai shi ne can ana nemanta, nan kuwa ba a cika nemanta ba, sannan da yawa daga cikin mutanenmu wasu cututtukan kan riga ta kai su kafin su kai shekarun da take bayyana. Wannan ne ya sa tarihin dangi ke da amfani ko da ba a taɓa ambaton sunan cutar a gidan ba. Idan an san cewa mahaifi da baffa da wata gwaggo duk sun rasu bayan sun haura sittin da kumburin jiki da sarƙewar numfashi, wannan labari ne da ya cancanci a faɗa wa likita, ko bai tambaya ba.

Akwai kuma alamun da ke riga ciwon zuciyar zuwa da shekaru, kuma abin mamaki ba a ƙirji suke farawa ba. Wannan na gan shi a gidanmu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tela ne da ya yi rayuwarsa a kan keken ɗinki, kuma tun yana da sauran ƙarfi ya fara kukan cewa yatsunsa suna mutuwa, babban yatsa da manuni da na tsakiya, a hannu biyun duka. Cikin dare minjirya takan tashe shi, ya zauna a bakin gado yana yarfe hannuwa har su dawo. Daga baya zura zare a allura ya gagare shi sai ya kira yaron shago, kuma carbi yakan zame daga hannunsa bai ji ba sai ya ji ƙararsa a ƙasa. Kowa ya ce almakashi ne, shi ma ya yarda. Shekaru suka wuce, sai hawan jinin da ya daɗe yana shan magani a kansa ya sauka da kansa, har aka yi ta murna a gida ana cewa Kawu ya warke. Ba a jima ba jiri ya fara ɗibarsa idan ya miƙe daga zaune, ƙafafunsa suka kumbura har igiyar takalmi tana barin shaida a kansu, kuma ya koma kwana a jingine domin idan ya miƙe sosai numfashi yakan ƙwace masa.

Likitan zuciyar da ya fara zargin abin ya ajiye takardu biyu ne a gabansa yana dubawa, ɗaya ta awon lantarkin zuciya da ake kira ECG, ɗaya ta hoton zuciya da ake kira eko. Ya nuna mini cewa hoton ya ce bango ya yi kauri ƙwarai, ita kuwa takardar lantarkin zanenta ƙanana ne, alhali zuciyar da hawan jini ya kaurara naman gaske ne ya ƙaru a cikinta, don haka zanenta dogaye ya kamata su zama. Sai ya juya ya ce, “Baba, hannuwanka fa, suna mutuwa da dare?” Kawu ya ce, “Likita, ai wannan tsohon zance ne, sana'a ce ta ci su, ni ƙafa ce ta kawo ni.” Likitan ya ce, “A'a Baba, ina jin zancen ɗaya ne.” Gwaje-gwajen da suka biyo baya, waɗanda sai da aka yi tafiya zuwa wani gari kafin a samu, sun tabbatar da nau'in TTR ne.

Abin da ke faruwa shi ne, amiloyid yana taruwa a wata 'yar matsattsiyar hanya da ke wuyan hannu inda jijiyar da ke kai ji ga yatsu take wucewa, ya danne ta, kuma wannan yakan riga alamun zuciya da shekara 5 zuwa 10. Ba duk mai mutuwar yatsu ne ke da amiloyid ba, domin ciwon suga da juna biyu da aikin hannu mai maimaituwa duk suna kawo irin wannan matsewa, kuma su ne suka fi yawa. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne wanda abin ya kama hannunsa biyu, a shekarun manyanta, musamman namiji. A wani asibiti a Cleveland ta Amurka an gwada naman da aka cire daga wuyan hannun mutum 98 da aka yi wa tiyatar wannan matsewa, maza daga shekara 50 da mata daga 60, aka sami amiloyid a cikin 10, kamar yadda aka wallafa a 2018. Irin wannan taruwa tana faruwa a ƙashin baya, inda take ƙuntata hanyar laka a ƙugu, mutum ya riƙa jin ƙafafunsa suna nauyi da sagewa idan ya yi tafiya, su saki idan ya zauna ko ya sunkuya. Tana kuma raunana jijiyar da ke ɗaure ƙwanjin hannu da ƙashi har ta tsinke ba tare da wani faɗuwa ko ɗaukar kaya mai nauyi ba, sai a ga naman ya tattaru ya yi dunƙule a damtse. Akwai kuma yatsan da ke maƙalewa idan an lanƙwasa shi sai an sa ɗaya hannun an buɗe. Kowanne daga cikin waɗannan shi kaɗai ba wani abu ba ne, amma idan biyu ko uku suka haɗu a jikin dattijon da ya fara haki, magana ta canza.

A cikin zuciyar kanta akwai yanayin da ke yawan tafiya tare da wannan cuta. Ɗaya shi ne ƙuntatar ƙofar da jini ke bi ya fita daga zuciya zuwa babbar jijiya, wadda ita ma cutar tsufa ce. A New York, a 2017, an gwada tsofaffi 151 da za a sauya wa wannan ƙofa, aka tarar kashi 16 cikin 100 suna da amiloyid na TTR a ɓoye. Wani kuma shi ne rikicewar bugun zuciya, inda ɗakunan sama suke karkarwa maimakon bugawa, da kuma jinkirin bugu da ke kai mutum ga suma har a sa masa na'urar daidaita bugun zuciya, domin amiloyid yana lalata hanyoyin da saƙon lantarki ke bi. Sai kuma abin da ya faru da Kawu, wanda nake ganin shi ne ya fi yaudarar iyali: hawan jini na shekara da shekaru ba ya warkewa haka kawai, kuma idan awo ya fara sauka ba tare da an rage ƙiba ko an sauya wani abu ba, ko kuma maganin da mutum ya saba sha ya fara jefa shi cikin jiri da kasala, to yana iya yiwuwa zuciyar ce ta daina iya tura jini kamar da.

Nau'in AL labarinsa dabam ne, kuma ya fi gaggawa. Shi ba a gadonsa, kuma yana iya kama mutum tun yana shekara hamsin da wani abu, ko da yake an fi gano shi a wajen sittin da 'yan kai. Tushensa wasu ƙwayoyi ne a cikin ɓargo da suka hayayyafa daga uwa ɗaya suna ta zubo furotin iri ɗaya cikin jini. Mafi girman haɗari yana kan masu kansar ɓargo da ake kira mayeloma, waɗanda kashi 10 zuwa 15 cikin 100 nasu ke samun amiloyid, da kuma masu wani yanayi da ke gabatarta, wanda ake taƙaitawa da MGUS, inda furotin ɗin yake cikin jini amma bai fara ɓarna ba. Wannan yanayi yana ƙaruwa da shekaru, domin a jihar Minnesota ta Amurka an same shi a kimanin kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka kai 50, da kashi 5 na waɗanda suka kai 70. A nan ma akwai abin da ya shafe mu, domin da aka gwada maza 917 masu shekara 50 zuwa 74 a Accra, a binciken da aka wallafa a 2007, an tarar yawansa ya kusa ninka na fararen fatar Minnesota sau biyu. Mafi yawan masu MGUS ba za su taɓa samun amiloyid ba, amma wanda aka taɓa faɗa wa yana da shi, sannan ya ga fitsarinsa yana kumfa, ko harshensa ya yi girma har haƙora suna barin shaida a gefensa, ko fatar da ke kewaye da idonsa tana yin tabon jini ba tare da bugu ba, ko yana ramewa ga kumburi, to kada ya jira ranar da aka ba shi ta komawa asibiti. Idan AL ya riga ya ci zuciya sosai kuma ba a yi magani ba, rabin marasa lafiyar ba sa wuce wata shida.

Akwai wasu nau'o'i biyu da ake yawan ambata, amma ba su cika taɓa zuciya ba. Ɗaya yana biyo bayan ciwon da ya daɗe yana ruruwa a jiki, irin su tarin tibi da kuturta da ruɓar ƙashi da wasu cututtukan gaɓoɓi, kuma ƙoda ya fi nufa. Ɗayan yana samun waɗanda suka yi shekaru masu yawa ana yi musu wankin ƙoda, kuma a gaɓoɓi da ƙashi yake zama.

Duk wanda ya bi wannan bayani zai lura cewa babu abinci a ciki, babu taba, babu zaman banza. Cin nama ko ƙwai ko wake ba shi ne ke kawo amiloyid ba, duk da cewa sunan furotin ya fito a zancen, kuma hana tsoho nama saboda wannan zalunci ne kawai. Rage gishiri yana taimaka wa wanda ruwa ya riga ya taru a jikinsa, amma ba ya hana cutar samuwa. Shekaru da jinsi da zuri'a ba abubuwan da mutum zai gyara ba ne, don haka amfanin saninsu ɗaya ne, wato a san wanda ya kamata a zarga, a kuma nemi gwajin da ya dace tun zuciyar tana da sauran laushi.

Tsarin gwajin yana da muhimmanci. Matakin farko shi ne a duba jini da fitsari don neman furotin ɗin nan na ɓargo, saboda AL ba ya jira. Idan babu shi, sai a yi wani hoto da asalinsa na ƙashi ne, inda ake sa wa mutum allurar wani sinadari mai ɗan haske na nukiliya wanda ke manne wa amiloyid na TTR, zuciyar ta fito fili a hoton. Tun 2016 aka amince cewa idan wannan hoto ya nuna sosai kuma jini da fitsari suka fita tsaf, ba sai an yanki naman zuciya ba. Idan kuwa aka sami furotin ɗin ɓargo, to sai an ɗebi nama an duba, domin tsoho yana iya haɗa MGUS da amiloyid na TTR a lokaci guda, kuma a ba shi maganin kansar ɓargo alhali ba AL ke damunsa ba babban kuskure ne. Sassan da ke ɗaukar irin wannan hoto kaɗan ne a yankinmu, daga cikinsu akwai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da na Asibitin Ƙasa da ke Abuja da na Korle Bu a Accra.

Wani zai ce, mene ne amfanin wahalar gano cutar da maganinta ya fi ƙarfin talaka? Tambayar tana da tushe. Tafamidis, maganin da ke riƙe gaɓoɓin TTR huɗu kada su rabu, an gwada shi a kan mutum 441, aka ga ya rage mace-mace da kimanin kashi 30 cikin 100 a tsawon wata 30, kuma Amurka ta amince da shi a 2019, amma farashin da aka sa masa a can ya kai dala 225,000 a shekara. An ƙara amincewa da acoramidis a ƙarshen 2024, da vutrisiran don ciwon zuciyar a 2025, wanda shi hanta yake hanawa ƙera furotin ɗin, kuma su ma ba masu araha ba ne. Duk da haka sanin sunan cutar yana sauya abubuwa da dama da ba sa bukatar dala. Zuciyar da ta ƙage ba ta iya ƙara yawan jinin da take turawa a bugu ɗaya, saboda haka da saurin bugu take rayuwa, kuma magungunan da ke rage wannan sauri, waɗanda suke alheri ga sauran masu ciwon zuciya, suna iya durƙusar da mai amiloyid. Verapamil da diltiazem ana guje musu, digoxin kuma sai da taka-tsantsan ƙwarai. Maganin fitsari mai rage ruwa shi ne ginshiƙi, amma a awo, domin idan ya yi yawa jini yakan faɗi. Wanda bugun zuciyarsa ya rikice kuma ana ba shi maganin tsinka jini ko da lissafin da aka saba yi ya nuna haɗarinsa kaɗan ne, saboda gudan jini yana saurin samuwa a irin wannan zuciya ya haifar da shanyewar ɓarin jiki. Duk waɗannan shawarwari ne da likita zai yanke, ba abin da za a je kemis a daina ko a fara da kai ba.

Sannan akwai 'ya'ya da ƙanne. Duk wanda aka tabbatar yana da nau'in TTR, komai tsufansa, ana so a yi masa gwajin ƙwayar gado don a bambance na tsufa da na gado, domin idan na tsufa ne iyalinsa ba su da wani ƙarin haɗari, idan kuwa V122I ne to kowane ɗa da kowane ɗan'uwa da suke uwa ɗaya uba ɗaya yana da rabin yiwuwar ɗauke da shi. Ba a yi wa yara ƙanana wannan gwaji, tunda cutar ba ta taɓa su kuma babu abin da za a yi musu, kuma babba ma sai da yardarsa bayan an yi masa bayanin abin da sakamakon ke nufi da abin da ba ya nufi. Wanda aka samu yana ɗauke da shi, abin da masana suka fi ba da shawara shi ne a fara duba zuciyarsa a kai a kai tun kimanin shekara 10 kafin ya kai shekarun da ciwon ya bayyana a jikin ɗan'uwansa, wato idan mahaifi ya fara haki yana da 68, ɗansa ya fara zuwa awon ECG da hoton eko tun yana wajen 58, ko kafin haka idan yatsunsa suka fara mutuwa.